Wayar da Aka Kife a Kan Turmi

Duk wanda ya san unguwarsu Baturiya a Talata Mafara, da hayaƙi ya san gidanta. Tun kafin rana ta ɗaga yake tashi ta bayan katanga, domin gumi ne sana'arta: ta sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ta jiƙa ta kwana, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji. Saboda farinta aka sa mata Baturiya, amma hayaƙin shekara da shekaru ya karɓe rabin sunan. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuta. Takan sauke duro yana tafasa ba ta nemi taimakon kowa ba, har maƙwabta na tsokanarta wai ko kunama ta hango ta sai ta sake hanya. Ba su sani ba ne kawai. Baturiya matsoraciya ce ta gasken gaske, ɓoyewa ta iya.

Ba da tsoron aka haife ta ba. A wani ɗan ƙauye ta taso a ƙasar Maradun, can ta yi aure da Falalu, can ta haihu. Shekarar da zama ya fara gagara, wani maƙwabcinsu ya faɗi a kasuwa, cikin hira kawai, cewa ya ga su wane da wane a bakin daji da babura. Mako bai cika ba aka zo har gida aka tafi da shi, kuma har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan wata biyu Falalu ya ɗaura kayansu suka yo Mafara. Abin da Baturiya ta taho da shi daga ƙauye bai wuce tukwane uku da doka guda ba, dokar da takan nanata wa duk yaron da ke ƙarƙashinta: "Abin da kunka gani, ku bar shi inda kunka gane shi. Ba ruwanku." Ta yi imani har zuciyarta cewa wannan maganar ce ke raya mutum.

'Ya'yanta biyu, Hanifa da ƙaramar, Husna, wadda ke goye. Hanifa ce 'yar fari, kuma a gidan da Baturiya ta tashi uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Uwar Baturiya Bafullatana ce, ta kuwa riƙe alkunya da hannu biyu, har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan babban wansu a bakinta ba. Baturiya ta gaji abin ba ragi. Ana yaye Hanifa aka kai ta Bakura wurin uwar Falalu, wadda kowa ke kira Inna. Inna ce ta goya ta, ta yi mata kitso, ta sa ta makarantar boko da ta allo, ta kuma lalata ta da ƙuli-ƙuli. Yarinyar na da shekara takwas Inna ta rasu, aka ɗauko ta da 'yar jakarta aka kawo ta Mafara, gidan uwarta, matar da take kira Yaya.

Kada wani ya ce Baturiya ba ta son 'yarta. Sonta take kamar ranta. Ita ke zaɓa mata tsokar da ta fi kyau a miya, ta tura kwanon da ƙafa tana kallon wani wuri. In yarinyar ta yi jinkirin dawowa daga makaranta, sai Baturiya ta ƙirƙiro zubar da toka a ƙofar gida, ta yi ta zubarwa har sai ta hango hijabinta. Amma kira, sai dai "ke", ko "yarinyar nan", ko kuma ta yi wa iska magana yarinyar ta tsinta.

Falalu direban motar albasa ne, yana yin mako biyu, uku a hanyar kudu. Shi ya sayo mata babbar waya, irin wadda ake shafawa, ya sa aka jefa ta a guruf ɗin masu cinikin shinkafa, don masu saye daga Gusau da Sakkwato su same ta ba sai sun zo ba. Ciniki kuwa ya buɗe. Matsala ɗaya, Baturiya ba ta karatun boko. Saƙon murya ba ya ba ta wahala, amma in aka rubuto sai ta tsaya tana kallon wayar kamar ta zage ta. Nan Hanifa ta yi rana, don tana aji huɗu kuma bakinta ya faɗa da karatu.

Yadda suke yi abin dariya ne ga baƙo. Akwai wani tsohon turmi a tsakar gida da aka kife, ya zama teburi. Baturiya za ta ɗora wayar a kansa, ta juya baya tana gyara wuta, ta ce wa duro, "Da za a duba mani abin ga." Hanifa za ta zo ta ɗauka, ta fuskanci katanga ta karanta. In akwai amsa, ita ke danna wurin murya ta ce, "Yaya tac ce buhu biyu ad da akwai, sauran sai jibi." Ta gama ta mayar kan turmi. Ladanta shi ne a bar ta ta kalli 'yan wasannin yara kafin la'asar. Shekara guda suna haka, wayar ba ta taɓa bin hannu zuwa hannu a tsakaninsu ba.

Bayan sallar layya abin ya fara. Da farko Baturiya ta lura yarinyar ta daina neman wayar don kallo. Ta ji daɗi ma, ta ce hankali ne ya zo. Sai kuma ta ga in wayar ta yi ƙara, Hanifa na zabura kamar an watsa mata ruwan zafi. Tuwo ya fara dawowa da rabi. Yarinyar da ke cire hijabi tun daga zaure ta koma yini da shi a cikin gida, ga zafin wuta ga na rana. Aikenta bakin titi sayen gishiri ya zama sai an yi da gaske, in ta fita kuwa da gudu take dawowa ta danna sakata. Rannan Baturiya ta fito daga ɗaki ta same ta tsaye a zaure, ta manna ido a ramin ƙyaure tana leƙen waje.

Baturiya ta san wannan tsayuwar, ita ma ta yi irinta a ƙauye. Tambaya ta zo mata har bakin harshe, amma harshen bai saba ba. Abin da ya fito shi ne, "Ba a cin abinci yanzu gidan ga?" tana kallon kaji.

Ta yi abin da ta iya. Ta ce ko shawara ce, ta jiƙa mata saiwa. Ta ce ko baki ne, ta karɓo rubutu wurin malamin unguwa. Ta turara ɗaki da habbatussauda. Yarinyar ta sha duk abin da aka tura mata, ta ci gaba da ramewa. Ana cikin haka kuma sai wata sabuwar ɗabi'a ta ɓullo, wadda ta ƙara ba Baturiya haushi: kwana uku a jere tana tarar da wayar a kife a kan turmi, fuskarta a ƙasa. Ta ɗauka ta goge da zani ta birkice ta, tana faɗa wa iska, "Wanga gilashi in ya hwashe, ni ba ni da na wani." Da ta juya baya ta dawo, sai ta sake samunta a kife, Hanifa kuma zaune a nesa kaɗan tana kallonta, ido jawur. Baturiya ta ɗauka taurin kai ne.

Ranar Litinin da la'asar sakaliya aka yi sallama. Malama Raliya ce, malamar su Hanifa, doguwa mai tabarau, wadda takan sayi kwano biyu duk mako. Hanifa na jin muryarta ta shige ɗakin ajiya. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi gajiya da zafi da mai gida da hanya da goyo, aka sake zagayowa. Baturiya ta miƙe za ta ɗauko kwanon awo, Malama ta ce ta zauna, yau ba shinkafa ta kawo ta ba.

Ta ce makon jiya ta yi wa 'yan ajinta wani darasi, domin ta ga yara da yawa yanzu su ke riƙe da wayoyin iyayensu. Abu uku ta koya musu, har ta sa suna rerawa suna tafi. In ka ga abin da bai dace ba a waya, hoton tsiraici ne, ko wani babba na yi maka maganar da ta ba ka tsoro, na farko ka kife wayar, kada ka ci gaba da kallo. Na biyu kada ka goge, kada ka amsa. Na uku ka kai wa babban da ka yarda da shi, kuma ba laifinka ba ne.

"Sai nic ce kowa shi tashi shi hwaɗi sunan babban da za shi kai ma," in ji Malama. "Wanga ya ce babanai, wagga ta ce mamanta, wata ta ce ni. Da anka zo kan Hanifa, sai tac ce Inna."

Baturiya ta ce, "Inna ai ta rasu bara."

"Na sani. Nic ce mata ta hwaɗi wani wanda ad da rai. Ta yi tsaye har anka buga ƙararrawa. Yau na ja ta gefe na tambaye ta, ta ce Yaya ta ce abin da anka gani a bar shi inda anka gane shi." Malama ta gyara tabarau. "Baturiya, ba ki ga wani abu ga wayarki ba kwanan ga?"

Wuyan Baturiya ne ya juya da kansa zuwa ga turmi. Wayar na nan a kife. Kwana uku ke nan yarinyar na gaya mata, da iyakar hanyar da ta rage mata, ita kuwa tana goge gilashi da zani tana mita. Hanifa ta yi na farko, ta yi na biyu, ta zo kan na uku ta rasa wurin zuwa.

Malama ta ɗauko wayar ta buɗe. Ba ta daɗe tana shafawa ba fuskarta ta canja, ta ce innalillahi, ta dafe gilashin da tafin hannu. Lambar wani ce da ya shigo ta guruf ɗin shinkafa, ya ce sunansa Alhaji Mas'udu, dillali. Baturiya ta tuna shi, ya taɓa tambayar farashi da murya mai ladabi, bai sayi ko kwano ba. Ashe ya saurari amsoshin da ake ba shi, ya gane muryar yarinya ce, ya kuma gane uwar ba ta karatu. Daga nan ya daina turo murya ya koma rubutu, yau wata guda ke nan. Ya fara da yabon wayonta. Sai hotuna, irin waɗanda babba ma zai gani ya yi kwana bai ci abinci ba. Sai ya ce ita ma ta turo nata, ba hijabi. Yarinyar ba ta tura ba, ba ta amsa ko harafi ba. Shi ne ya rubuto na ƙarshen, wanda Malama ta karanta da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya san gidan, mai shuɗin ƙyaure a bayan injin niƙa, inda hayaƙi ke tashi. Ya ce ranar kasuwa yana tafe. In ta gaya wa kowa, zai sa a zo a tafi da Yayarta, kamar yadda ake tafiya da mutane.

Kasuwar Mafara kuwa Talata take ci, wato gobe.

Baturiya ta ce, "Wa ya ba shi kwatancen gidana?" Kafin ta rufe baki ta tuna. Ita ce. Da muryarta ta yi kwatancen a guruf, sau ba adadi, don masu zuwa ɗaukar kaya kada su ɓata.

Abin da ya biyo baya ita kanta ba ta cika son tunawa ba. Ta fizge wayar ta nufi murhu, za ta cusa ta ƙarƙashin duro ta ƙone da sim ɗin da komai, don haka ake yi a inda ta fito: baƙuwar lamba ta kira ka, ka karya sim ka yi shiru. Malama ta riƙe mata hannu da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba, ta ce in ta ƙone, shaida ta ƙone, shi kuma ya koma kan ɗiyar wani. Baturiya ta saki wayar. Sai tsoron ya juye ya zama fushi, fushin kuma ya rasa inda zai sauka sai ɗakin ajiya. Ta suri muciya.

"Wata guda! Wata guda tana kallon ƙazanta cikin gidana ba ta hwaɗi ba!"

Malama ta sha gabanta. "Ta hwaɗa ma wa? In kinka taɓa ta yau, wallahi kin rufe bakinta ke nan har ta girma. Gobe in wanda ya hi wanga ya zo, ba ki ji."

Muciyar ta faɗi. Baturiya ta zauna a ƙasa daɓas, Husna ta farka a bayanta ta fasa kuka.

Malama ta yi nata aikin a natse. Ta ɗauki hoton saƙonnin da tata wayar, ta danna inda ake kai ƙarar mai lamba, ta toshe shi. Ta kira matar da ke riƙe da guruf ɗin ta ce a fitar da shi, a kuma gargaɗi duk wadda ɗanta ke karanta mata saƙo. Aka kira Falalu, yana can hanyar kudu, ya yi ta salati, ya ce ƙanensa Zubairu zai zo ya raka su wurin 'yan sanda da safe, ya kuma yini a ƙofar gida. Da aka gama duk wannan, Malama ta ɗauki jakarta, ta karɓi Husna ta saɓa a kafaɗa.

"Wanga duka mai sauƙi na," ta ce. "Saura naki. Ni malama ta, ƙarhe biyu nike tashi. Ke ad da ita dare da rana. Shiga ki gaya mata ba ta yi laihi ba, kuma ki gaya mata da bakinki, ba da bakin duro ba. Ina zaure."

Tsakanin turmi da ƙofar ɗakin ajiya bai fi taku shida ba. Baturiya ta sha ɗaukar buhu ta yi wannan takun, amma ba ta taɓa jin nauyinsa irin na ranar ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗakin na warin shanshera, buhuna jere har kusa da rufi, can a lungu ta hango gefen hijabi da yatsun ƙafa. Ta buɗe baki "ke" ta taho, ta haɗiye ta. Ta ga fuskar uwarta, ta ji abin da matan ƙauyensu za su ce, wance ba ta da kunya, ta kama sunan ɗiyar fari kamar wata 'yar bariki. Ita da ke sauke tafasasshen duro, ga shi suna mai gaɓa uku ya gagare ta.

"Hanifa."

Muryar ta fito kamar ba tata ba. Can yarinyar ta leƙo daga bayan buhu, ba uwar ta kalla ba, bayanta ta duba, tana neman wanda ya yi kiran. Wannan dubawar ta fi komai yi wa Baturiya ciwo, har yau in ta tuna sai idonta ya kawo ruwa.

"Ni ce nic kira ki. Hanifa. Taho nan."

Ta taho a ɗarare, ta kare kai da hannu tana jiran duka. Baturiya ta durƙusa ta kama hannun ta sauke shi. Tun ranar yaye rabon da ta riƙe shi haka, ta ji duk ƙashi ne.

"Na ga abin. Malama ta karanta mani. Ba ki yi laihi ba, kin ji? Ba mai bugunki."

Yarinyar ta yi ta kallonta. Abin da ta fara faɗa ba game da hotunan ba ne. Cewa ta yi, "Yaya, za a tahi da ke?"

Sai a lokacin Baturiya ta gane sauran. Ba kunya kaɗai ta rufe bakin yarinyar ba, ba kuma dokar gida kaɗai ba. Gadin uwarta take yi. Wata guda 'yar shekara tara na tsaye a zaure da ido a ramin ƙyaure, ta ƙi ci, ta ƙi magana, don kada a zo a ɗauke matar da ko sunanta ba ta faɗi. Baturiya ta jawo ta ta rungume, suka yi kuka mai sauti su biyu a cikin buhuna, har shanshera ta manne musu a fuska.

Da suka natsa ta ce, "Maganag ga da nike gaya muku, abin da kunka gani ku bar shi, ta waje ce, kuma ko can na yi kuskure da ban ware kaina ba. Ni ba waje ba ce. Komi kinka gani, komi anka ce miki, ko an ce za a kashe ni in kin hwaɗi, to ni za ki hwara gaya ma. Wanda duk yac ce kar ki gaya ma uwarki, shi na mugun."

Talatar nan ita ce rana mafi tsawo a rayuwar Baturiya. Da sassafe suka je suka ba da bayani, aka karɓi hotunan saƙonnin aka rubuta lambar. Suka dawo ta danna sakata, ba ta hura wuta ba, don kada hayaƙi ya tashi. Zubairu ya kafa benci a ƙofar gida. Gari ya cika da baƙi kamar kowace Talata, kuma duk babur da ya rage gudu a lungun sai ta zabura ta kalli ƙyaure. Wani mai neman shinkafa ya ƙwanƙwasa da azahar, saura kaɗan ta saki fitsari. Hanifa na manne da ita duk yinin, sun zauna a tabarma ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba. Har aka yi magariba ba wanda ya zo. Wata Talatar ma haka, da ta bayanta. Ba su taɓa sanin ko mutumin yana Mafara ba ko yana wata uwa duniya, ko ma sunansa ke nan. An ce ana bincike. Tsoron bai tafi ba, ya dai sami wuri ya zauna. Falalu ya sake wa ƙyaure fenti, Baturiya ta daina kwatancen gida a waya, a bakin injin niƙa take haɗuwa da masu saye. Hanifa na karanta saƙo har yanzu, amma a gefen uwarta, kuma ba ta ƙara amsawa da muryarta ba.

Maganar suna kuwa ta zaga unguwa. Wata tsohuwa ta zo takanas ta ji da kunnenta, ta riƙe haɓa ta ce zamani ya lalace. Baturiya ta ji kunya ƙwarai, ba ta musa ba, ta dai auna mata shinkafarta ta ce a gaida gida. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda matar da ba ta shiga harkar kowa ta koma mai wa'azi. Duk yaron da aka aiko sayen shinkafa da waya a hannu, ba ya fita sai ta tsare shi da kwanon awo: in ka ga abin banza me za ka yi? Kife. Sai me? Kar in goge. Sai me? In kai wa babba. Wane babban, faɗi sunansa. In yaro ya yi shiru a nan, to ranar uwarsa za ta ga Baturiya a gidanta, da hannuwan nan masu tabo, ta zauna ba gayyata. Wasu na godiya, wasu na cewa ta cika shisshigi, ita dai ba ta fasa ba.

Bayan kaka, wata ranar Alhamis da hantsi, tana tsaye kan duro shinkafa ta ɗauki turiri, daidai lokacin da ba a barinta ko na minti biyar. Sai ta ji an taɓa mata gwiwar hannu. Ta waiga. Hanifa ce, ta wuce turmi ba ta ko kalle shi ba, ta kamo hannun uwarta ta buɗe tafin, ta ɗora wayar a ciki a kife.

"Yaya, na ga wani abu."

Tsoron nan ya taso wa Baturiya sabo fil kamar bai taɓa kwanciya ba. Ba ta san ko shi ne ya dawo da wata lamba ba, ko wani ne daban. Ta kalli duro, ta kalli 'yarta. Ta jawo tabarma da ƙafa ta zauna, ta matsa ta bar mata wuri.

"Zauna, Hanifa. Hwaɗa mani."

Shinkafar ranar ta kama ƙasan duro ta ƙone, sai kaji aka zuba wa.